Hoton faifai ya ci giga 460, kuma ya ƙi komawa: ina mafita?

Ɗan Ƙofar Kaura: Assalamu alaikum 'yan uwa masu gyara. Ina cikin wani hali, don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka. Wata Hajiya mai sayar da magani a sari ta kawo mani laftof ɗinta, tana mutuwa da kanta ana cikin aiki. Duk lissafin shagonta yana ciki, da sunayen masu kemis ɗin da take bi bashi na shekara huɗu. Kafin in kwance ko noti ɗaya sai na tada ta da Clonezilla, manhajar kwafe faifai, daga filash, na ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa, zuwa wani faifan waje mai tera ɗaya. Abin da ya fara ɗaure mani kai, ta ce kayanta ba su kai giga 100 ba, amma aikin ya ci kusan awa biyar, hoton kuma ya fito giga 460 da ɗoriya. Washegari bod ɗin, wato babban allon cikin laftof ɗin, ya mutu murus. Ta sayo wata tokumbo mai faifan SSD giga 480, na zo mayarwa Clonezilla ya ce wurin ya yi kaɗan. Na aro faifai mai tera ɗaya na mayar a kai, ya koma lafiya, amma ina kunnawa sai ga shuɗin allo yana neman lambobi 48. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa ganin wata lamba ba. Tun jiya ta kira ni ya fi sau goma.

Baban Yusra: Wa alaikumus salam. BitLocker ne ya kama ka, wato kullen da Windows take yi wa bayanan faifai. Ni shi ya sa duk kwamfutar da ta shigo shagona abin da nake fara yi ke nan, in kashe shi. Ba ya jawo komai sai rigima da kwastoma.

Injiniya na Layout: Wa alaikumus salam. Kafin a shiga wannan gardamar, ƙanena, tsohon faifan nata yana ina?

Ɗan Ƙofar Kaura: Yana nan cikin durowa, Yaya. Da na jona shi a tawa kwamfutar sai Windows ta nuna shi da ɗan kwaɗo a jiki. Wani yaro a shagon ya ce mu yi mashi fomat mu nemo kayan da manhajar dawo da fayil.

Injiniya na Layout: Kada ka kuskura. Ka sa shi a leda, ka rubuta sunanta, ka kulle durowar, ka zuba makullin a aljihunka. Manhajar dawo da fayil tana bin faifai ne tana neman alamomin da ta sani, farkon hoto, farkon takarda. A faifan da aka kulle babu alama ko ɗaya, duka kamar yashi yake a idonta. Fomat kuwa yana iya taka wurin da bayanan makullin suke zaune. In ka yi haka, ko an kawo maka lambobin gobe sai an sha wuya, wataƙila ma a rasa gaba ɗaya.

Bari in warware maka abin da ya faru tun daga farko, don ba ka yi kuskure ba wajen ɗaukar hoton. Clonezilla yana da hanya biyu. In ya gane tsarin ɓangaren faifan, kamar NTFS ko ext4, sai ya kira partclone, ya kwashi wuraren da akwai kaya kawai, ya tsallake fili. Shi ya sa ka saba ganin aiki ya ƙare cikin minti ashirin. In bai gane ba, sai ya koma kan dd, ya bi sekta bayan sekta daga farko har ƙarshe. Ɓangaren da BitLocker ya kulle, in an duba shi daga waje, ba a rarrabe inda kaya suke da inda fili yake. Dole ya kwashe duka. Faifai mai 500 kuma 465 yake nunawa a zahiri, ka ga inda 460 ɗinka ta fito.

Sai maganar matsewa. Matse fayil yana aiki ne da maimaici, ya ga abu iri ɗaya sau dubu ya rubuta shi sau ɗaya. Aikin AES, tsarin ɓoye bayanan da BitLocker yake amfani da shi, shi ne ya kawar da duk wani maimaici. Don haka duk irin matsin da ka zaɓa, kusan yadda ya shiga haka zai fito.

Ɗan Ƙofar Kaura: Yanzu na gane. To amma 480 da 500 ai kusan ɗaya ne, kuma kayan ba su kai 100 ba.

Injiniya na Layout: 480 tana nuna 447. Ka ga giga 18 ba su da wurin zama. Tunda ba a san me ke cikin wannan ƙarshen ba, ba za a iya yanke shi ba. Hoton da aka ɗauka a kulle sai faifai daidai girmansa ko wanda ya fi shi. Da ta sayo mai 512 da ya shige ba gardama.

Abban Sadiq (Daura): Ina biye da ku daga Daura. Injiniya, ka yi mashi bayanin dalilin neman lambar ma, don da yawa suna ɗauka hoton ne ya lalace. Hoton lafiyarsa lau. A tsohon bod akwai wani ɗan abu da ake kira TPM, shi ne yake riƙe da sirrin buɗewa. Kullum Hajiya ta kunna, shi yake duba cewa komai yana yadda ya san shi, sai ya saki makulli a ɓoye, ita ba ta ma sani ba. Ka kai faifan wani bod, ka rabu da TPM ɗin. Ko sabunta BIOS, manhajar da ke tada bod, ko taɓa saitin Secure Boot ma yana sa ya ƙi saki. Lambobi 48 ɗin nan, rukuni takwas kowanne shida, su ne ƙofar baya da aka tanada don irin wannan rana.

Kuma ina da shawara. Me ya mutu a bod ɗin? In wajen wuta ne, kamar mosfet ko ayisi na caji, ka kawo mani shi, ko ka ba direban motar Daura a tasha in karɓa. Ba sai ya warke sarai ba. Ya tashi na minti goma kawai da tsohon faifan a ciki, Hajiya ta sa lambar shigarta, ka buɗe wurin umarni da ikon admin ka rubuta manage-bde -protectors -get C: zai zayyano maka lambobin. Na yi wa mutum biyu haka. Amma in furosesa ce ta ƙone, a yawancin na yanzu TPM ɗin yana cikinta, wannan hanyar ta rufe.

Ɗan Ƙofar Kaura: Allah ya saka da alheri, Abban Sadiq. Ban auna ba tukuna, ko fitilar caji ba ta kawowa.

Ummu Haidar: Kafin a kai ga ƙona bod da iska mai zafi, a tambayi Hajiya wa ya saita mata kwamfutar ranar da aka sayo. BitLocker ba ya yarda a kunna shi sai an ajiye lambar a wani wuri: asusun Microsoft, ko fayil, ko a buga a takarda. Wani ya zaɓi ɗaya daga ciki. In asusu ne, a shiga aka.ms/myrecoverykey ko da waya ce.

Ɗan Ƙofar Kaura: Na kira ta. Ta ce babban ɗanta ne, yana bautar ƙasa a kudu. Zan neme shi da dare.

Baban Yusra: Kun gani ko? Ga mace da dukiyarta, ga faifai lafiya lau a hannu, amma sai an nemo yaro a kudu kafin ta ga bashin da take bi. Ina amfanin wannan? Mu nan Katsina wa yake bin laftof ɗin mai kemis don ya karanta lissafinta? Ɓarawo fomat zai yi ya sayar. A shekarun da na yi ina gyara, waɗanda na ga sun rasa kayansu saboda kulle sun fi waɗanda aka saci sirrinsu yawa nesa ba kusa ba. Kuma yanzu abin ya ƙara muni, tun fitowar Windows 11 ta 24H2 in ka sa sabuwa ka shiga da asusun Microsoft, da kanta take kullewa, mai ita bai sani ba.

Ummu Haidar: Baban Yusra, ka yi haƙuri, ban yarda ba, kuma ba ji na yi ba, a kaina ya faru. Ina aikin ajiye bayanan marasa lafiya a wani asibiti mai zaman kansa. Bara na sauka daga Keke Napep wajen Ƙofar Ƙwaya da magariba, jaka ta bi shi, har yau. A cikin laftof ɗin akwai sakamakon gwajin mutane, na jini, na ciki, wasu matan aure ne da ko 'yan uwansu ba su san abin da ke damunsu ba. Daren nan ban runtsa ba, ina ta tuna sunaye ɗaya bayan ɗaya, wasu maƙwabtana ne. Abin da ya sa na iya shiga ofis da safe na kalli mutane shi ne na san faifan a kulle yake. Kai kana cewa ɓarawo fomat zai yi. To wa zai kai wa ya yi mashi fomat ɗin? Mai gyara. Kuma duk mun san ba kowane mai gyara ne yake kawar da kai daga fayil ɗin mutane ba. Hotunan mata nawa suka fita ta wannan hanyar?

Sannan akwai doka yanzu. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a watan Yuni na 2023, kuma akwai hukumar da ke kula da ita. Duk mai riƙe da bayanan mutane wajibi ne ya tsare su. Ka kashe wa asibiti ko makaranta kulle ba ka gaya masu ba, ka jefa su cikin abin da ba su sani ba.

Baban Yusra: Allah ya mayar maki da alheri, Hajiya. Na asibiti daban. Ni ina maganar ɗalibin jami'ar Umaru Musa Yar'adua ne da furojet ɗinsa, da ɗan kasuwa.

Malam Mai Linux: Ɗan kasuwar ma a burauzarsa akwai imel ɗinsa a buɗe da kalmomin sirrin da ya adana. Amma Baban Yusra yana da gaskiya a wuri ɗaya, kullen da mai shi bai san da shi ba tarko ne. Sai dai maganinsa a gaya mashi ne a ba shi lambarsa a hannu. Ku tuna 19 ga Yuli 2024, ranar da sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfuta kusan miliyan 8.5 a duniya, har jirage suka kasa tashi. Gyaran ba wuya, fayil ɗaya za a goge. Amma duk na'urar da ke da BitLocker sai an sa mata lambobinta 48 kafin a isa ga fayil ɗin. Kamfanonin da suka san inda nasu suke sun tashi da wuri. Waɗanda suka ajiye su a sabar da ita ma ta faɗi sun sha wahala. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Ɗan Ƙofar Kaura: To don gaba, yaya ya kamata in riƙa yi? In kashe, in ɗauki hoto, in sake kunnawa?

Injiniya na Layout: Ana yi, amma a faifai mai juyawa warwarewa da sake kullewa sai su ci maka yini, ga wuta ba tabbas. Kuma faifan da ya fara ciwo, wannan dogon karatu da rubutun yana iya ƙarasa shi.

Ga yadda nake kallon abin. Ko dai ka ɗauki hoton daga waje faifai yana kulle, kamar yadda ka yi, ko ka ɗauka daga cikin Windows tana aiki. Na biyun shi ne irin na Macrium Reflect da Veeam da makamantansu. Su suna ganin fayil ne a buɗe, tunda Windows ta riga ta buɗe masu, suna amfani da wani tsarin Windows mai suna VSS su tsayar da hoton lokaci ɗaya. Hoton ƙarami ne, yana matsuwa, kana iya ƙara na kullum a kai, kana iya mayar da shi a ƙaramin SSD, kana iya buɗe shi ka zaro fayil ɗaya. Da wannan ka yi, da Hajiya tana shagonta tun shekaranjiya.

Amma a nan mutane suke faɗawa rami. Hoton da ya fito ta wannan hanyar tsirara yake. Babu BitLocker a cikinsa. Ka kulle ƙofar gida da kwaɗo uku, ka kwashe kayan ɗakin ka jibge a zaure. Duk wanda ya ɗauki faifan wajen nan ya samu komai. Dole ka sa wa hoton kalmar sirri a cikin manhajar, ko ka kulle faifan wajen da BitLocker To Go, ita ma lambarta ka ajiye. Bayan ka mayar kuma ka duba da manage-bde -status, don sau da yawa yana dawowa a buɗe, sai ka sake kunnawa, kuma sabuwar lamba zai ba ka, tsohuwar ta tashi aiki.

Abban Sadiq (Daura): A ƙara da cewa na kyauta na Macrium an daina sabunta shi tun farkon 2024. Masu tsohon suna ta amfani da shi dai.

Baban Yusra: Ni na ji ana cewa ka dakatar da shi kawai, ba sai ka kashe ba, sai Clonezilla ya ga komai.

Injiniya na Layout: Ba haka ba ne. Dakatarwa ba ta warware ko sekta ɗaya. Abin da take yi, ta ajiye makullin a fili a jikin faifan, don Windows ta buɗe ba tare da ta tambayi TPM ba. An yi ta ne don sabunta BIOS da irinsu. Clonezilla zai bi da dd yadda ya saba, hoton zai yi girman da ya saba. Amfaninta ɗaya, hoton zai tashi a wani bod ba tare da neman lamba ba. Illarta kuma ita ce wannan ɗin dai, makulli yana rataye a jikin kwaɗo, duk wanda ya samu hoton ya shiga. In za ka yi haka, ka zaɓi kulle hoton a cikin Clonezilla, yana tambaya kafin ya fara.

Malam Mai Linux: Tunda an zo nan, masu Ubuntu da sauransu su saurara, don namu ya fi tsanani. LUKS, kullen faifai na Linux, yana ajiye makullansa a kan ɓangaren, a farkonsa, wajen mega 16 a LUKS2. Kalmar sirrinka ba ita take buɗe kaya kai tsaye ba, tana buɗe babban makullin da ke cikin wannan kan ne. In kan ya lalace, ko kana riƙe da kalmar sirrin a zuciyarka an gama, kuma babu asusun da za ka je ka nemo. Na taɓa rubuta filash da dd, na sa harafin faifai ba daidai ba, na farga cikin daƙiƙa uku na tsayar. Daƙiƙa ukun nan sun cinye kan. Hotunan sunan 'yata na fari suna ciki, da karatun mahaifina da na ɗauka kafin ya rasu. Faifan yana nan har yau a akwati, na kasa jefarwa.

Umarni ɗaya ne da na yi shi da ban rasa su ba: cryptsetup luksHeaderBackup, ka ba shi ɓangaren da sunan fayil. Ka ajiye fayil ɗin a wani wuri daban. Ka sani kuma, in ka canza kalmar sirri daga baya, tsohon kan da ka ajiye yana buɗewa da tsohuwar kalmar, don haka ka tsare shi kamar kuɗi. VeraCrypt, wani kullen faifai da ya gaji TrueCrypt bayan an watsar da shi a 2014, shi yana ajiye kwafin kan a ƙarshen ɓangaren, amma in faifan da Windows take kai ka kulle da shi, faifan ceton da ya ce ka yi shi ne madogararka.

Ummu Haidar: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Malam Mai Linux: Amin, na gode. Wani abu kuma, in faifai yana ƙara ko yana tsayawa, ku bar Clonezilla ku ɗauko ddrescue. Yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ya rubuta inda ya tsaya, ko an ɗauke wuta ya ci gaba daga nan. Kwafin za ku buɗe, ba mara lafiyar ba. Linux ma yana buɗe BitLocker in akwai lambar, da dislocker ko da cryptsetup na yanzu.

Abban Sadiq (Daura): Ni abin da ya fi damuna tokumbo ne. Wasu na kamfanonin Turai da Amurka ne, an kawo su da Windows ɗinsu yadda take. Mutum ya yi ta aiki wata shida, ranar da ta nemi lamba, lambar tana asusun wani kamfani a Ingila da bai san da zamanka ba. Duk tokumbon da ta biyo ta hannuna sai na goge na sa sabuwa kafin in miƙa.

Injiniya na Layout: Haka ne. Kuma hoto kada a ajiye shi a shago ɗaya da kwamfutar. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Katsina ta Maris 2021 ba sai an yi masu dogon bayani ba. Ɗaya a shago, ɗaya a gida. Lambar kuma a takarda, a sa inda ake ajiye takardun fili, kada a bar ta a fayil cikin faifan da ita za ta buɗe. Na ga wanda ya yi haka. Ni kuma ba na kiran hoto hoto sai na mayar da shi a wani faifai na ga ya tashi da idona.

Baban Yusra: Wannan na ƙarshen na yarda da shi. Amma gaskiya kwastoma nawa ne zai biya kuɗin faifai biyu da awa biyar ɗinka? Yawanci ko kuɗin gyaran sai an yi ciniki.

Ummu Haidar: Ko bai biya na hoto ba, buga mashi lambar a takarda minti biyu ne. Ka tambaye shi, ka bar mashi zaɓi. In ya ce a kashe, ka kashe da saninsa.

Baban Yusra: Zan riƙa tambaya. Amma wanda na ga ko imel ɗinsa bai sani ba, zan ba shi shawarar a kashe, ban sauka daga nan ba.

Ɗan Ƙofar Kaura: Salam, ga inda aka kwana. Na samu yaron. Ya ce shi ya kunna, ya zaɓi a kulle faifan duka, ya ajiye a asusunsa na Microsoft. Ya manta kalmar sirrin, lambar tabbatarwa kuma tana zuwa wani layinsa da ya ɓata. Yau da safe ya je ofishin layin da NIN ɗinsa aka dawo mashi da shi, Allah ya sa ba a sayar wa wani ba. Ya shiga ya ga lambobi kala uku. Na sa na farko, ya ƙi. Na sa na biyu, ya ƙi. Hannuna har rawa yake.

Injiniya na Layout: Ka kalli shuɗin allon da kyau, akwai shaidar makulli a rubuce, haruffa da lambobi. Ka karanta mashi takwas na farko, ya duba wanda ya dace a jerin. Kowace na'urar da ya taɓa kullewa tana da nata.

Ɗan Ƙofar Kaura: Alhamdulillahi! Na ukun ne. Ta buɗe, ga manhajar shagon, ga lissafin har na ranar Litinin. Na kira Hajiya ta zo da kanta, ta zauna a kan benci ta buɗe shafin bashin tana bi da yatsa, ba ta ce komai ba sai da ta kai ƙarshe.

Injiniya na Layout: Madalla. Yanzu tun tana buɗe, kwashi fayil ɗin lissafin zuwa filash kafin komai. Sannan ka ɗauki sabon hoto daga cikin Windows da kalmar sirri, ka mayar a SSD ɗin 480, zai shiga tunda yanzu ana ganin fili. Ka kunna BitLocker, ka buga sabuwar lambar kwafi biyu. Asusun kuma a buɗe mata nata da layinta.

Ɗan Ƙofar Kaura: An gama kwashewa, hoton yana tafiya, ya ce saura minti 25. Tsohon faifan da hoton mai giga 460 fa, in goge?

Injiniya na Layout: Bar su wata ɗaya tana aiki da sabuwar. In ba ta nemi komai ba, ka goge hoton a gabanta, ka miƙa mata tsohon faifan tare da tsohuwar lambarsa a ambulan ɗaya, ka ce ta kai gida.

Abban Sadiq (Daura): Bod ɗin kuma ka turo shi duk da haka. In mosfet ne zan canza, ta samu ta biyu a shago.

Ɗan Ƙofar Kaura: Gobe in sha Allahu, da motar farko.